Hujjar Tana Hannuna, Zagina Yana Cikinta

Anti Gudrun,

Ki taimake ni, don na kai inda ba na iya kallon fuskata a madubi ban ja tsaki ba. Ban taɓa rubuto wa irin wannan fili ba. Gaskiya ma na sha yi miki dariya, ina cewa me ya haɗa mujallar masu rubuta manhaja da filin koke-koke. To ga ni na zo da ƙafata, ki rama. Na canja sunayen mutane, amma kada ki tambaye ni ko hakan zai ɓoye wani abu.

Shekaruna hamsin da huɗu. Sama da shekara ashirin ke nan ina cikin masu rubuta 'yantacciyar manhaja, wadda kowa zai ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara, ya miƙa wa wani. Tamu ta ƙananan laburare ce, na garuruwan arewacin jiharmu da maƙwabta, inda laburaren gari ɗaki biyu ne da mace ɗaya da na'urar ɗumama ɗaki mai tari. Kusan laburare ɗari biyu ke aiki da ita. Abin da aka fi saninta da shi wata dabara ce. Idan mutum ya nemi littafin da babu a garinsu, manhajar ba ta zaɓar kwafin da ya fi kusa da shi a taswira. Tana zaɓar wanda ke kan hanyar motar laburare kafin motar ta iso garinsa. Ko ya fi nisa, ya fi saurin zuwa. Sauƙin abin har haushi yake ba mutum. A cikinmu da sunana ake kiran dabarar. Na tsaya gaban taro ya fi sau goma ina bayaninta, an tafa mini, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

A watan Oktoba wani kamfani ya fara aika wa laburarenmu wasiƙu. Kamfanin ba ya ƙera komai, ba ya sayar da komai, ofishinsa akwatin gidan waya ne da lauyoyi uku. Wai yana riƙe da takardar mallakar wannan dabara, ya saye ta daga gawar wani kamfani da ya rushe. Ko su sayi lasisi, ko a haɗu a kotu. Laburare goma sha ɗaya sun riga sun kashe wannan ɓangaren na manhajar don tsoro. A wani gari tsofaffin da ke karanta littattafai masu manyan haruffa yanzu sati uku suke jira, a tsakiyar hunturu, lokacin da ba abin da mutum zai yi sai karatu da kallon dusar ƙanƙara.

Kin san ra'ayina a kan mallakar dabarun manhaja, don ba wanda ya tsira daga jin sa. Dabara lissafi ce, kuma ba a kafa wa lissafi shinge. Na karanta tarihin waɗannan takardu tun daga zamanin sarakunan da ke raba su ga 'yan fada, na karanta hukunce-hukuncen kotu da ko lauyoyi ba sa gama su, kuma na yi amfani da duk abin da na karanta wajen fasa kan mutane a zauren imel ɗinmu, inda duk saƙon da aka aika kowa ke gani. Ban yi nadamar wannan ba.

Muka kira taro a ɗakin ƙasan wani coci, da kofi mai ɗanɗanon kwali da farantin kek ɗin lemo. Wata lauya, Renata, ta zo taimaka mana kyauta. Ta ce hanya mafi sauri ita ce mu nemo duk wani rubutu da aka fitar a bainar jama'a, mai kwanan wata, wanda ya bayyana dabarar tun da daɗewa kafin watan Yunin 2003, lokacin da aka shigar da takardar. Idan an samu, takardar ta mutu. Matsalar ita ce tamu manhajar sai 2004 ta fito da dabarar. Ma'ajiyar tsohon zauren imel ɗinmu kuwa ta tafi tare da kwamfutar wata kwaleji da aka jefar tuntuni.

Lowell, wanda muke kula da manhajar tare tun farko, ya juyo ya dube ni ya ce, “Ke da ba kya zubar da ko rasit ɗin mai, ba ki da tsofaffin imel a wani lungu?”

Anti, sai na miƙe na yi jawabi. Jawabi mai kyau, ban taɓa yin kamarsa ba. Na ce duk ranar da muka fara tono tsofaffin takardu don mu nuna mun riga su, mun amince ke nan cewa dabara abin mallaka ce, gardamar kawai waye ya riga. Na ce ka kashe ɗaya, su gyara kalma biyu su shigar da goma. Na ce mun zama 'yan aikin sa-kai na ofishin da ke raba takardun, muna share musu kurakurai kyauta. Na ce abu ɗaya ne ya dace da mu, a canja doka, a cire manhaja daga wannan harka gaba ɗaya, sauran duk faci ne. Matasan da ke wurin suka tafa har da buga tebur. Lowell ya kurɓi kofinsa ya ce, “To, Janar, sai mu gaya wa tsofaffi su jira majalisa. Wasunsu ma za su kai lokacin da ransu.” Aka yi dariya, na harare shi, aka tashi ba a yanke komai ba. Renata ta tattara takardunta ta fita.

Imel ɗin da ake nema yana hannuna. Yana kan wani tsohon faifan kwamfuta a cikin kwali, a ɗakin ƙasan gidana, tsakanin takalman ƙanƙara da kwalaben tumatir. Na san yana nan lokacin da nake jawabin. Saboda shi na yi jawabin.

Ga abin da ke ciki. A watan Maris na 2002 wata mata, Noreen, ta rubuto wa zaurenmu. Ba mai rubuta manhaja ba ce. Kwana uku a sati tana tuƙa motar laburare, sauran kwanakin tana zaune a teburin karɓar littattafai. Ta fara da ba da haƙuri, ta ce ba ta san yadda ake faɗin abin da harshenmu ba, amma ta lura tana wuce littafi ranar Talata a wani gari, ranar Laraba ta isa inda ake nemansa hannu wofi, saboda kwamfuta ta zaɓi wani kwafin da sai sati mai zuwa za ta bi ta kansa. Sai ta zayyana yadda ya kamata a yi, mataki bayan mataki, har da abin da za a yi idan hanya ta rufe. Duk abin da takardar wancan kamfani ke iƙirari yana cikin saƙonta, a harshen da yaro ɗan firamare zai gane.

Saƙon nata ya ɓata tare da ma'ajiyar. Amsata ce ta rage. Kin san al'adarmu a zaure, ba ma amsa saƙo a dunƙule. Muna kwafo maganar mutum layi bayan layi, a ƙarƙashin kowane layi mu sa tamu. Don haka kowace kalma ta Noreen tana cikin amsata, ba abin da ya ɓace. Kuma a ƙarƙashin kowace kalma akwai ni.

Na ce mata idan muna bukatar shawarar direba za mu tambaye ta inda ake sayar da taya. Na ce wannan zaure na masu tunani ne, ba teburin kicin ba. Inda ta yi bayanin rufewar hanya na rubuta cewa na ga alamar wata hanyar ma ta daɗe a rufe, wadda ke tsakanin kunnuwanta. Akwai wanda ya fi wannan muni, ba zan iya kwafo miki shi ba. Mutum ɗari huɗu suka karanta. Wasu suka rubuto suna yaba kaifin bakina. Noreen ta amsa da layi ɗaya: “Ku yi haƙuri na ɓata muku lokaci.” Ta fita daga zauren, ba ta sake dawowa ba.

Zan iya ba ki dalilai. Ni kaɗai ce mace a cikin masu rubutun a lokacin, kullum ana jira in yi kuskure, kuma ga wata mace ta shigo tana ba da haƙuri tun kafin ta buɗe baki, irin abin da na yi shekaru ina kankare wa kaina. Na so mazan su ga ni ba irinta ba ce. Amma ba yarinya ba ce ni, Anti. Shekarata arba'in a lokacin.

Bayan shekara biyu na zauna na rubuta dabarar a cikin manhajar. Shekara goma sha biyu ina gaya wa kaina na manta da saƙonta, tunani ne ya zo mini da kansa, kamar yadda yake zuwa wa mutane biyu a wurare daban. Satin da ya wuce na kunna faifan. A kusa da imel ɗin akwai rubutuna na farko na wannan ɓangaren, tun kafin in nuna wa kowa. Sunan da na sa wa fayil ɗin shi ne “noreen”. Na canja shi kwana ɗaya kafin in fitar. Ashe ban manta ba. Ni da nake yawo gari gari ina cewa ba wanda ya isa ya mallaki dabara, na ɗauke ta wata na liƙa mata sunana, ban ko biya kuɗin takarda ba. Waɗancan lauyoyi uku aƙalla sun sayi tasu.

Na kira Renata na yi mata tambayar munafukai, wai a ce wani yana da irin wannan saƙo, za a iya yanke wani ɓangare? Ta ce a'a. A cewarta sai an miƙa shi cikakke, da bayanan samansa da kwanan watansa, kuma sai wanda ya adana shi ya yi rantsuwa a rubuce a kan inda ya fito da yadda aka rarraba shi, sannan ya shiga kundin da kowa zai iya buɗewa. Sannan ta ce, “Ki gaya wa wanin nan ranar ashirin ga Janairu ƙungiyar laburare za ta zauna, kuma idan ba mu da komai a hannu za su sa hannu su biya.” Na san mutanenmu. Awa ɗaya da shigar takardar za ta zagaye kowane zaure, kuma za su amsa ta layi bayan layi. Ni na koya wa rabinsu.

Ina jin haushin kamfanin, ina jin haushin Lowell da kurɓar kofinsa, har Noreen nake jin haushi, don me ba ta zage ni ba a lokacin mu rabu kowa da tabonsa. Tana raye. Shekarunta saba'in da tara, tana zaune da 'yarta tafiyar awa biyu daga nan, na ga hotonta a jaridar garinsu tana sayar da barguna a kasuwar coci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yanzu na yarda da jawabina. Kowace kalma. To gaskiya tana lalacewa ne idan maƙaryaci ya faɗe ta? In riƙe ra'ayina in bar faifan a kwali? Ko in aika shi ga Renata ba suna? Ki gaya mini, kuma kada ki lallashe ni, ba na so.

Mai Kaifin Baki, daga bakin tafki

*

'Yar'uwa,

Ba zan lallashe ki ba, ba mu da lokaci ma.

Mu fara da mai sauƙin. Aikawa ba suna ba ta taso ba. Sunanki yana saman imel ɗin, kuma lauyarku ta riga ta gaya miki sai da rantsuwar wanda ya adana shi. Ta kuma gane ko wane ne “wanin”, shi ya sa ta ba ki kwanan wata. Ni ba lauya ba ce, a kan duk abin da ya shafi kotu maganarta za ki bi, ba tawa ba. Amma yau ki kira ta ki ce ni ce, kuma kada ki sake kunna faifan nan ke kaɗai. Faifai mai wannan shekaru yana iya mutuwa a kunnawa ta gaba, kuma idan ya mutu a hannunki ba za ki taɓa sanin ko haɗari ne ko so kika yi ba. A sami wanda ya iya ya kwafe shi a gaban shaida.

Sai jawabinki. Ba ƙarya ba ne, kuma bai zama ƙarya don kin fake a bayansa ba. Na daɗe a wannan harka, na ga an kashe takarda ɗaya an haifi 'yan'uwanta, na ga mutanen kirki sun ƙare ƙarfinsu a tono har ba su da sauran numfashin zuwa majalisa. Idan abin da al'ummarmu ta iya ke nan, mun yi asara. Kina da gaskiya cewa ƙarshen tafiyar doka ce.

Inda kika kauce shi ne da kika mai da abin zaɓi tsakanin biyu. Wa kike tsammanin zai raka ki majalisa? Matasan da suka buga tebur? Suna da kirki, amma ɗan majalisa ba ya tsoronsu. Wadda yake tsoro ita ce matar laburaren garinsu, wadda ta san mahaifiyarsa, kuma ta san littafin da bai mayar ba tun yana sakandare. Idan kuka bar waɗannan mata suka biya alhali maganin yana cikin kwali, ba za su sake yarda da 'yantacciyar manhaja ba, kuma ba laifinsu. Ana kare wanda aka kai wa hari yau, a kuma yi yaƙin doka gobe da shi a gefenka. Sannan ki duba abin da ke hannunki. Shekara ashirin kina neman misalin da zai nuna wa mutumin gari cewa wannan tsari wauta ne. Ga shi: matar da ke tuƙa motar littattafai ta gano abu a kan hanya, ta bayar kyauta, bayan shekara guda ofishi ya buga wa wani hatimi a kansa a matsayin ƙirƙira. Duk karatunki bai ba ki hujjar da ta kai wannan ba.

Amma ba taki ba ce da za ki ɗauka ki yi yawo da ita, kuma a nan ne wasiƙarki ta ba ni tsoro. Kin ƙirga abin da mutane za su ce a kanki dalla-dalla. Ba ki rubuta layi ɗaya ba a kan abin da zai sami Noreen. Wulaƙancin da ta sha a gaban mutum ɗari huɗu za a sake shimfiɗa shi a gaban dubbai, da sunanta, tana da shekara saba'in da tara, jikokinta suna da waya. Kada ta ji daga bakin ɗan jarida. Tun kafin a shigar da komai ki je ki same ta. Ki kira 'yarta tukuna ki nemi izini, kada ki faɗo musu kamar mai karɓar haraji. Ki tambayi Renata ko akwai yadda za a kare sunan Noreen idan ba ta so ya fito. Idan ta ce ba ta son a yi amfani da labarinta a taro da jarida, kin rasa wannan makamin, ki haƙura. Hujjar kuwa za a miƙa, domin ta laburaren ce, amma ta san da zuwanta.

Bayan haka ki rubuta wa zaurenku da kanki, kafin wani ya riga ki. Gajere. Abin da Noreen ta kawo, abin da kika ce mata, abin da kika yi bayan shekara biyu, har da sunan fayil ɗin. Maganar ke kaɗai ce mace ki bar ta a aljihu. Gaskiya ce, na san zafinta, ni ma na zauna a irin waɗannan zauruka, amma a wannan saƙon za ta fito kamar neman rangwame. Ki nemi a cire sunanki daga dabarar. Kada ki yi murabus cikin fushi don ki riga su yanke hukunci, wannan ma wata hanyar gudu ce. Za a yi miki sati biyu masu zafi. Wasu za su ji daɗi fiye da kima, wasu da kika taɓa yanka za su fito da nasu tabon, ki karanta, kada ki amsa. Lowell ina jin zai yi miki ba'a har ƙarshen rayuwarku, kuma ba zai tafi ko'ina ba.

Fushin naki kada ki zubar da shi, ana bukatarsa bayan ashirin ga Janairu, a inda ya dace.

Game da ranar da za ki je wurinta: kada ki je neman yafiya, don wannan ma roƙon wani abu ne daga hannunta. Ki je ki kai mata labari. Mai yiwuwa ta ce ba ta tuna ki ba. Mai yiwuwa ta rufe ƙofa, kuma tana da iko. Amma ki shirya wa na uku, wanda ya fi su ciwo: ta shigar da ke, ta zuba miki kofi, ta saurare ki har ƙarshe, sannan ta tambaye ki ko abin ya yi aiki kuwa. Ki gaya mata ya yi. A laburare ɗari biyu, shekara goma sha biyu, kowace rana. Ba wanda ya taɓa gaya mata.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke da sauƙin zuciya, ya kuma ba laburarenku nasara.

Anti Gudrun